Gano Ɓatattun Ganuwoyi Daga Sama: Jagorar Karanta Tabon Shuka a Ƙasar Karaye da Rogo

Gwalalon da aka haƙa a kewayen gari ba ya ɓacewa ko da ya cike. Ganuwa takan zube, ruwan damina ya kwashe ƙasarta ya mayar cikin ramin da aka ɗebo ta, garma ta yi ta bi ta kai shekara da shekaru, har wurin ya baje ya zama gona kamar kowace gona. Sai dai ƙasar da ta cike ramin ba irin ta gefensa ba ce. Ta fi laushi, ta fi zurfi, tana ɗauke da toka da ruɓaɓɓen ganye da sharar gari, kuma tana riƙe laima bayan ta gefe ta bushe. Shukar da ta dace da wannan layi takan zurfafa saiwa, ta fi 'yan'uwanta tsawo da duhun ganye, ta kuma makara wajen nuna. Inda kuwa aka binne tushen gini, ko dutse, ko daɓen da ya taurare, saiwa ba ta samun hanya, sai shukar ta tsumbure ta yi rawaya da wuri. Wannan bambanci na tsawo da launi shi ake kira tabon shuka. Mai tsaye a gona ba ya ganin komai sai wani wuri da dawa ta yi kyau da wani da ta yi rauni. Daga sama ne wuraren suke haɗuwa su zama layi, layin kuma ya zagayo ya zama da'ira.

An fara amfani da wannan dabara sosai a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1925 wani matuƙin jirgin soja, Gilbert Insall, ya hangi wata da'ira a gona kusa da Stonehenge, da alkama ta girma kuma sai ɗigo-ɗigo masu duhu suka fito a cikinta. Da aka tona, aka tarar ramukan ginshiƙan itace ne a jere, zobe shida, na fiye da shekara dubu huɗu. Wurin shi ne Woodhenge. O. G. S. Crawford da Alexander Keiller suka fitar da littafin hotunansu na yankin Wessex a 1928, a shekarun nan ne kuma Antoine Poidebard yake bin sansanonin Rumawa a hamadar Sham daga jirgi. Har yau fari ne babban mataimakin masu wannan aiki: a watan Yuli na 2018, lokacin da ruwa ya ɗauke a Ailan, jirgi maras matuƙi ya ɗauko hoton wata ƙatuwar da'ira kusa da Newgrange, a gonar da ake nomawa kullum ba wanda ya san da ita.

Abin da ake nema a yammacin Kano

Ƙasar Hausa ƙasar ganuwa ce. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwar birnin, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. A ƙasar Zazzau akwai Turunku da Kufena, a Kabi akwai Surame ta Kanta, a Jamhuriyar Nijar akwai Kufan Kanawa. Karaye da Rogo, waɗanda suka haɗu suka zama masarautar Karaye a tsarin 2024, suna bakin iyakar Kano da Katsina da Zazzau, ƙasar da dawakin yaƙi suka yi ta ratsawa. Tarihin Kano ya ambaci Karaye a yaƙe-yaƙen Kano da Katsina na ƙarni na 17, a matsayin inda Wambai Giwa ya zauna yana kai wa Katsinawa hari, kuma a ƙarni na 19 hare-haren Maraɗawa sun sa garuruwan yamma ƙarfafa ganuwa da kafi. Saboda haka wanda ya ga da'ira a hoton wannan yanki, ya fara da zaton cewa ta ƙarnonin baya-bayan nan ce. Mafi yawansu haka za su kasance.

Duk da haka, kewaye gari da rami ya girmi sarautun Hausa nesa ba kusa ba. A Zilum, arewa da Maiduguri, masu bincike daga Jami'ar Frankfurt tare da Jami'ar Maiduguri sun gano gari mai faɗin kimanin hekta 12 wanda gwalalo ya kewaye, na tsakanin shekara ta 600 da ta 400 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba a ganin ramin a sarari. Na'urar auna maganaɗisun ƙasa ce ta fito da shi. A Dutsen Dala an sami shaidar narka tama tun wajen ƙarni na 7, wato ƙarni uku kafin Bagauda, wanda Tarihin Kano ya sa farkon sarautarsa a 999. Idan an ce "kafin tarihi" a nan, ana nufin zamanin da babu rubutu kuma babu labarin baka da ya kai gare shi. Mutanen wancan zamani sun yi noma, sun yi ƙira, kuma babu dalilin ɗauka cewa ba su kewaye gidajensu ba.

Shuka da lokaci

Littattafan Turai sun ginu ne a kan alkama da sha'ir, waɗanda ake shukawa a cushe cikin manyan filaye iri ɗaya, ta yadda kowane taku na ƙasa yana da tsiron da zai ba da labarinsa. Gonar Karaye ba haka take ba. Ƙarama ce, an yi mata kunya-kunya, tsakanin gindi da gindi akwai tazara, kuma sau da yawa dawa da gero da wake ko gyaɗa suna cuɗe a wuri guda. Ga shi kowane manomi da ranar shukarsa da irin takin da ya samu. Wannan yana sa ƙananan abubuwa, kamar ramin ginshiƙi ko tushen ɗaki, ba sa fitowa sai da kyar. Amma gwalalo mai faɗin mita uku zuwa shida yana haye kunyoyi da yawa a lokaci ɗaya, don haka shi ne abin da ya dace a sa wa ido.

A cikin shukokin yankin, masara ce ta fi tona asirin ƙasa, domin ba ta jure ƙishi: kwana kaɗan ba ruwa ganyenta ya naɗe, sai wadda ke kan cikakken rami ta tsaya shar. Ƙasar Rogo, inda ake noman masara da waken suya zalla a manyan gonaki, ta fi dacewa da aikin ke nan. Dawa ma tana nunawa, musamman da yake tana kaiwa ƙarshen damina a tsaye, lokacin da laima ke janyewa. Gero yana da juriya kuma ana girbe shi da wuri, kafin ƙasa ta bushe, don haka shaidarsa kaɗan ce. Rake da shinkafar fadama da duk abin da ake yi wa ban ruwa ba sa nuna komai, tunda ruwa ya wadaci kowane gindi.

Daga nan ake gane lokacin dubawa. A marka, cikin watan Agusta, ƙasa duk ta ƙoshi, gona ta zama kore ɗaya, gajimare kuma ya rufe sama. Lokaci mafi kyau shi ne daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba, makonni biyu ko uku bayan ruwan ƙarshe, sa'ad da gona ta fara rawaya amma layin rami yana nan kore. Sai kuma ɗan farin da kan ratsa watan Yuni ko Yuli, idan shuka ta kai gwiwa ruwa ya yi jinkiri. Tagar gajeriya ce ƙwarai, wani lokaci kwana goma kacal, kuma a shekarar da ruwa ya yi yawa ba ta buɗewa sam.

Abin da yankin ya rasa a damina, yana samunsa a rani. Bayan an kwashe kara, dabbobi sun cinye harawa, ƙasa takan zauna tsirara wata biyar ko shida. A nan tabon ƙasa yake fitowa: cikakken gwalalo layi ne mai duhu, zubabbiyar ganuwa kuma layi mai ja ko haske a gefensa na ciki, saboda jar ƙasa da tsakuwar da aka ɗebo daga zurfi. Kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan farko na bazara, jigawa takan bushe ta yi fari alhali layin rami yana da sauran jiƙa, sai ya fito baƙi ƙirin. Akwai kuma tabon inuwa. Tudun da bai wuce tsawon kamu ɗaya ba yakan jefa inuwa mai tsawo a sa'ar farko bayan fitowar rana da sa'ar ƙarshe kafin faɗuwarta. Watan Nuwamba ya fi dacewa da wannan, kafin hazon hunturu ya dushe sararin.

Inda hotuna suke

Mafi sauƙi shi ne Google Earth na kwamfuta, wanda yake da wurin komawa ga hotunan shekarun baya. Kada a tsaya ga hoton da ya fara buɗewa. A bi dukkan ranakun da ke akwai, a rubuta kwanan watan kowanne, domin hoto maras kwanan wata ba a san ko wace kaka yake nunawa ba. Taurarin ɗan'adam na Sentinel-2, waɗanda Tarayyar Turai ta fara harbawa a 2015, suna ba da hoto kyauta kusan kowane kwana biyar, amma kowane ɗigo a cikinsa mita goma ne, don haka siririn rami ba zai fito ba. Amfaninsu shi ne nuna makon da gonaki suka fara juyawa daga kore zuwa rawaya, da kuma manyan kufai waɗanda cikinsu duka ya fi waje duhu.

Tsofaffin hotuna sun fi daraja, don sun riga tarakta da faɗaɗar garuruwa da sababbin hanyoyi. Hukumar safiyo ta ƙasashen mulkin mallakar Birtaniya, wadda aka kafa a 1946, ta ɗauki hotunan arewacin Najeriya daga jirgi domin zana taswira, kuma tarin hotunanta yana ajiye yanzu a Edinbura. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi amfani da irin waɗannan hotuna na shekaru daban-daban wajen nazarin gonakin kewayen Kano. Akwai kuma hotunan leƙen asiri na Amurka da ake kira CORONA, waɗanda aka ɗauka tsakanin 1960 da 1972 aka saki ga jama'a a 1995. Mafi kyawunsu suna nuna abu mai faɗin kusan mita biyu, ana kuma samun su ta shafin hukumar binciken ƙasa ta Amurka. Ga Karaye wannan yana da muhimmanci na musamman. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a 1992, ta shanye wani babban yanki na kwarin kogin, irin wurin da mutanen dā suka fi son zama. Abin da ke ƙarƙashin ruwan nan, tsofaffin hotuna kaɗai suka rage da za su nuna shi.

Sai a kula da ma'auni. A hoto mai ma'aunin 1:40,000, milimita ɗaya mita 40 ce a ƙasa. Gwalalo mai faɗin mita huɗu kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, siririn gashi, amma da'ira mai faɗin mita 400 santimita ɗaya ce cif, ido yana kama ta. Hotunan safiyo ana ɗaukar su ne kowanne ya hau kan na gabansa da kimanin kashi 60 cikin ɗari, ta yadda idan aka jera biyu ƙarƙashin madubi mai ido biyu, tudu da kwari sukan tashi kamar a zahiri. Ganuwar da ta kusa bajewa takan fito ta wannan hanya.

Jirgi maras matuƙi shi ne kayan aikin da ya fi dacewa da gajeriyar tagar Oktoba, tunda yana tashi ƙasa da gajimare kuma a ranar da aka so. Tashinsa yana buƙatar izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama da ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. A halin da ake ciki na rashin tsaro a kan iyakar Katsina da Kaduna, bai kamata a tashe shi ba sai hakimi da jami'an tsaron yankin sun sani, mutanen ƙauyen kuma an yi musu bayani.

Karanta hoton

Ana farawa daga nesa, a ga kogi da rafuka da fadamu da duwatsu, sannan a matso. Tsohon gari yana son tudun da ruwa ba ya kwantawa amma yana kusa da ruwa, ko gindin dutse. A raba yankin gida-gida, kilomita ɗaya ɗaya, a bi su a jere, domin ido idan aka sake shi yakan koma inda ya riga ya ga wani abu ya tsallake saura.

Layin da ake nema yana da siffofi da ke bambanta shi. Faɗinsa kusan ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Yana lanƙwasa a hankali kamar mai niyyar komowa inda ya faro. Yana da giɓi ɗaya ko fiye masu tsabtar baki, wato ƙofofi, kuma sau da yawa tsohuwar turba tana nufar giɓin nan ta ratsa. Idan layi mai duhu yana waje, mai haske yana manne da shi ta ciki, rami da ganuwa ke nan a tsarin da aka saba. Cikin da'irar yakan fi waje duhun ƙasa da ƙarfin shuka, saboda toka da juji na shekaru. Manoma sun daɗe da sanin cewa kufai ya fi ko'ina albarka. Tarin kukoki a tsakiyar gonaki, nesa da kowane gida, ƙarin shaida ne mai ƙarfi, don kuka tana bin mazaunin mutum kuma tana daɗewa bayan ya tashi.

Gwaji mafi muhimmanci shi ne na iyakar gona. Bambancin da ya samo asali daga aikin manomi, ko taki ne ko iri ko ranar shuka, yana tsayawa daidai inda gonarsa ta tsaya. Layin da ya fito daga gonar masara, ya haye jerin gamba, ya shiga gonar dawa ta wani mutum, ya ci gaba da lanƙwasarsa ba tare da ya kula da iyaka ba, to abin da ya haifar da shi yana ƙarƙashin gonakin ne kuma ya girme su. Akwai juyin wannan, wanda ake yawan mantawa. Wani lokaci iyakokin gonaki su ne suke bin tsohuwar ganuwa, domin waɗanda suka fara raba filin sun tarar da ita a tsaye suka mai da ita iyaka. A hoto sai a ga gonaki masu kusurwa huɗu ko'ina, amma a wani wuri iyakokinsu sun haɗu sun zana baka guda mai tsawo. Wannan baka ya cancanci a bi shi ko da babu wani bambancin launi.

Gwaji na biyu shi ne maimaituwa. Abin da ya fito a hoto ɗaya zato ne kawai. Idan ya sake fitowa a wuri guda da girma guda a wata shekarar, ƙarƙashin wata shukar, ko ya fito kore a Oktoba ya fito baƙi a Afrilu, sannan ya shiga rajistar wuraren da aka gano.

Masu kama da shi

Yawancin abin da sabon ido ke ɗauka ganuwa ne, ba ita ba ce, kuma ƙasar nan tana da nata masu ruɗi. Mashekarin Fulani yana barin tabo mai duhun kore, zagayayye, saboda kashin shanu. Amma cike yake, ba zobe ba ne, ba shi da kaifin baki, kuma cikin 'yan shekaru yakan dushe ya ɓullo a wata gonar. Burtali layi biyu ne a jere da kan yi kama da rami biyu, sai dai ba ya rufewa, mashaya yake nufa. Suri da aka baje yana barin ɗigo mai haske, kuma idan suna da yawa ido yakan haɗa su ya ƙirƙiro da'irar da babu ita. Gindin gawo yana da zoben shuka mai kyau, bishiyar da aka sare ma tana barin nata zoben na wasu shekaru. Masussuka fako ne zagayayye. Ƙuduji yana cinye dawa a tsibi-tsibi, ya bar rawaya mai kama da binnen dutse. Tsohon kududdufi da ya cike yana nuna cewa an yi gini kusa, amma shi kansa ba ganuwa ba ne.

Mafi wuya su ne na halitta. A kwarin Challawa da rassansa, tsofaffin hanyoyin ruwa da suka cike suna zana baka masu duhu waɗanda suke haye iyakokin gonaki kuma suke maimaituwa kowace shekara, wato suna cin gwaje-gwajen nan biyu. Ana gane su da cewa faɗinsu yana ƙaruwa yana raguwa, suna rassa, suna zuwa da yawa a jere kamar sawun farce, kuma kullum suna ƙasa-ƙasa. Gwalalo kuwa yana iya hawa gangare ya sauko, abin da ruwa ba ya yi. Haka nan ƙarƙashin yankin tsohon dutse ne mai jijiyoyi da tsage-tsage, waɗanda kan fito a matsayin miƙaƙƙun layuka masu tsawon kilomitoci, gefen faifan marmara kuma yakan zagaye tudu kamar an gina shi. A ƙarshe akwai na hoton kansa: inuwar gajimare, da ɗinkin da ke tsakanin hotuna biyu na ranaku daban.

Duk wanda ya tsira daga wannan tacewa sai a rubuta shi: lambobin wurinsa, tsawonsa da faɗinsa, faɗin layin, yawan giɓi da inda suke fuskanta, kwanan watan kowane hoto, da shukar da ke kai. A zana abin da aka gani da layi cikakke, abin da ake zato da ɗigo-ɗigo, kada a rufe da'ira da alƙalami inda hoto bai rufe ta ba. A ba kowanne daraja, ko mai ƙarfi, ko mai yiwuwa, ko abin shakka.

Sauka ƙasa

Ba a shiga gonar mutum da hoto a hannu ba sallama. Hanya ita ce ta hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, zuwa mai gona, kuma a faɗi gaskiyar abin da ake nema, domin baƙo mai auna gona yakan tayar da tsoron ƙwace fili ko zaton ma'adini. Bayan girbi ya fi, don kada a taka amfani kuma ƙasa tana bayyane. Kafin a nuna hoton, a tambayi mai gonar inda shukarsa ta fi kyau, inda garma ke karo da tauri, inda ruwa ke kwantawa, inda yake tono tsingaro. Sau da yawa zai bi layin da ƙafarsa daidai yadda yake a hoto, kuma wannan shaida ce mai zaman kanta. A tambayi sunan wurin. Sunaye irin su Kufai, Tsohon Gari, Birni, Ganuwa, da waɗanda suka fara da Kafin, suna riƙe abin da ido ya daina gani.

Sannan a jera mutane tazarar mita biyar ko goma, a ratsa wurin daga waje zuwa ciki zuwa waje, ana ƙirga abin da ke ƙasa. Idan tsingaro ya yi yawa a ciki ya yanke da an haye layin, to layin iyakar gari ne. A lura da dutsen niƙa, kashin tama, toka, ƙasusuwa. A ɗauki hotonsu inda suke a bar su. Tono kowane iri yana buƙatar izinin Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda dokar 1979 ta kafa, kuma ramin da maras horo ya haƙa yana cakuɗa jerin ƙasar da shi kaɗai ne zai faɗi shekarun wurin. Lambobin wurin ma kada a watsa su a Facebook ko WhatsApp. Wawushe gumakan yumɓu na Nok da Katsina da Sakkwato a shekarun 1990 ya lalata wurare masu yawa kafin wani masani ya gan su.

Batun shekaru

Siffa ba ta faɗin shekaru. Da'irar ƙarni na 19 da ta shekara dubu biyu suna iya zama iri ɗaya daga sama, kuma bajewar ganuwa ba hujja ba ce ta tsufa, tunda ta ƙasa ce, mutane kuma suna ɗibarta su yi gini. Abin da ake iya yi a matakin farko shi ne cire na baya-bayan nan. Idan dattawa sun san waɗanda suka zauna a wurin, da dalilin tashinsu, da garin da jikokinsu suke, wurin na tarihi ne. Lofen taba yana nuna bayan shekara ta 1600 ko kusa da haka, don taba daga Amurka ta zo. Wuri, wato kuɗin dā, Tarihin Kano ya ce ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Sarki Sharefa, 1703 zuwa 1731. Fasasshen tangaran da kwalba na zamanin Turawa ne. Gatarin aradu tsoho ne ƙwarai, amma mutane suna tsintarsa su kai gida don magani, saboda haka guda ɗaya ba ya tabbatar da komai. Wurin da babu ɗaya daga alamun baya-bayan nan, babu mai da'awarsa, tsingaronsa kuma bai yi kama da tukwanen yankin na yau ba, shi ne ake rubuta wa "mai yiwuwa na kafin tarihi". Hoton da ya nuna wata da'irar ta yanke wata yana faɗin wadda ta riga, ko da bai faɗi da shekara nawa ba.

Tabbaci yana zuwa ne daga masana, irin na Sashen Akiyoloji na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da kuma ofishin Hukumar Gidajen Tarihi a Gidan Makama, Kano, inda ya kamata a kai rajistar. Sukan fara da na'urar maganaɗisu ko siririn bututun huda ƙasa don tabbatar da ramin da zurfinsa, sannan su yanka rami ɗaya a gicciye, daga wajen gwalalo zuwa cikin ganuwa. A wurare biyu ake neman abin da za a auna shekarunsa. Gawayin da ke can ƙasan gwalalo ya faɗa ne bayan an haƙa shi, wanda ke ƙarƙashin tushen ganuwa kuma yana nan tun kafin a ɗora ta, don haka ginin yana tsakanin shekarun biyun. Awon kabon, wato na gano shekarun abu, ya fi inganci a kan ƙonanniyar ƙwayar gero ko dawa, wadda ta rayu damina ɗaya, fiye da gawayin babbar bishiya da ta iya yin ɗaruruwan shekaru kafin a sare ta. Ana kuma son samfuri fiye da ɗaya daga kowane wuri, domin gara da ɓeraye suna saukar da ƙwayar sama zuwa ƙasa, kuma garin da ya daɗe yakan yashe gwalalonsa sau da yawa, ta yadda abin da ke ƙasansa na yashewar ƙarshe ne, ba na haƙar farko ba.